Nev da Littafin Abokan Gaba

Yayana Neville bai taɓa neman littafin yaƙi ba sai da idonsa ya lalace. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ya tafi, gefe-gefen na nan. In ka tsaya a gabansa ba ya ganin fuskarka, amma ta wutsiyar ido sai ya hango kyanwa tana shirin hawa teburi. Tuƙi ya gagara, jarida ta gagara. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna Adelaide, ni kuma gidana a layin bayan nasa yake, don haka ni na zama idonsa. Kullum da la'asar nakan je in dafa mana shayi, in karanta masa sakamakon ƙwallo da farashin tumaki, duk da ya sayar da gonar tun tuni.

Nev ya je Vietnam yana ɗan shekara ashirin. Ba shi ya nema ba, ranar haihuwarsa ce ta fito a ƙuri'ar ɗaukar soja. Ya yi shekara guda ya dawo a rame, ya koma kan tarakta, bai kuma ce wa kowa komai ba. Ba ya fita maci ranar tunawa da sojoji, kulob ɗinsu ma ba ya leƙawa sai ranar da suke gasa nama. Mu ma a gida ba ma tambaya. Mahaifiyarmu ce ta hana tun farko, muka saba da hakan.

Wata rana a watan Yuni, sanyinmu na nan Ostireliya ya kankama, ina cikin karanta masa labarin ruwan da ake sa ran samu, sai ya ce, "Glen, ajiye jaridar nan. Littafi nake so ki karanta mini."

"Wane iri?"

"Na yaƙin nan namu."

Na sauke tabarau na dube shi. "Lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Garau. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, ina so in san kansa."

Nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce wata rana suna sintiri a daji suka faɗa wani sansani da mutanensa suka gudu ba da jimawa ba, don tukunyar shinkafa ma da sauran ɗuminta. Sansani irin wanda suka saba gani, da ramuka da bukkoki. Amma a gefe guda akwai wani dandamali na gora, an rataya masa labule da ƙyallen laimar sauka daga jirgi. A bayan labulen ya tarar da ƙaramar ganga, da gemun ƙarya baƙi, da wani abu na takarda mai kama da mazurari. Bai gama juya su a hannu ba aka ba da umarnin a cinna wa wurin wuta, suka wuce.

"Shekara hamsin da wani abu," ya ce, "ba harbin ne ke dawo mini ba, Glen. Gemun nan ne. Mutane ana sako musu bama-bamai dare da rana, wa ya zauna ya saƙa gemu? Wane wasa suke yi? Wa ke kallo?"

"Kuma kana ganin yana cikin littafi?"

"To ina zai kasance? An ce an rubuta ɗaruruwa."

Na ce masa na ji, amma da sharaɗi: littafi ɗaya tak a wannan sanyin. Na haura saba'in, maƙogwarona ba rediyo ba ne, kuma na san girman littattafan nan, wasu sai ka tokare ƙofa da su. Ya ce ɗaya ya ishe shi, in dai shi zai zaɓa.

Ranar Asabar na ɗauke shi muka je shagon Dulcie Farrugia. Ita kaɗai ke sayar da tsofaffin littattafai a garinmu, a wani tsohon shagon mahauta da har yanzu ƙugiyoyin rataye nama suna nan a silin. Tare muka yi makaranta da ita, bakinta kuma bai canza ba.

"Neville Pascoe a shagon littattafai!" ta ce. "Yau ruwan da ƙanƙara za a yi shi. Ɓatan hanya ka yi? Gidan giyar yana gaba kaɗan."

"Na ji ana cewa kin tsufa, Dulcie, na zo in gani, sai ga shi Allah ya rufa miki asiri ba na gani."

Ta yi dariya, ta kawo masa kujera kusa da hitar ɗumama ɗaki. Da na gaya mata abin da ya kawo mu sai ta daina wasa, ta shiga can ciki, ta dawo da littattafai biyu ta ɗora masa a cinya.

Na farko ƙato ne mai koren bango, wani tsohon hafsan soja ya rubuta. Nev ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya miƙo mini. Taswirori ne a ciki masu naɗewa, da ƙananan rubuce-rubuce a gindin kowane shafi. Ya faɗa mini bataliyarsu da watan da abin ya faru, muka yi ta lalube ni da Dulcie har muka samo wurin. Rabin shafi ne. Na karanta masa: an tura rundunarsu gabas don su tare hanyar da ake bi da shinkafa, an gano sansanin abokan gaba, an lalata shi, an samu buhunan shinkafa da harsasai da kayayyaki daban-daban.

"Kayayyaki daban-daban," Nev ya maimaita. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai kuma ya ce, "Tsaya, koma baya. Gabas ya ce?"

"Gabas."

"Don mu tare hanyar shinkafa? Kai! Ka ji fa. Ni har yau da nake zaune nan ban san dalilin da ya sa muka yi wannan tafiyar ba. An ce mu ɗauki kaya, muka ɗauka. Ni a zatona ma kudu muka yi." Ya sa na buɗe taswirar, ya kawo gilashinsa mai ƙara girman rubutu, ya karkata kai yana kallo ta gefen ido kamar kaza. "Ashe teku ma ba nisa. Da na sani da na yi wanka."

"Wannan shi ne littafin," Dulcie ta ce. "In kana son ka san abin da ya faru, ga shi nan. Mutumin ya shekara goma yana tonon takardu."

Na biyun ƙarami ne mai laushin bango, wani ɗan jarida ne ya bi tsofaffin sojoji gida-gida ya rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Na buɗe tsakiya na soma. Wani yana ba da labarin yadda matsattsaku ta shige masa wando, da zagin da ya yi wa sajansu, zagin da ban iya karantawa da ƙarfi ba sai da na leƙa ko akwai yara a shagon. Nev ya yi dariya har da tari. Ni ma na ji daɗinsa, don yana tafiya a baki ba tuntuɓe. Na juya wasu shafuka, na faɗa kan wani yana maganar nakiya da abokinsa da ke gabansa a layi. Ban kai ƙarshen sakin layin ba Nev ya ɗaga hannu.

"Bar shi nan."

Na rufe.

"Ba ƙarya ya yi ba," ya ce. "Amma wannan na san shi. Ina wurin."

"Ni dai da wannan ka ɗauka," na ce. "Sai in tsallake wuraren da ba ka so. Koren nan in na fara shi, kafin shafi uku mu biyun mun yi barci."

"Ke kullum mai sauƙi kike nema."

"Ni ce mai karatun ai."

Dulcie ta tsaya a kan koren, ni na tsaya a kan ƙaramin, Nev yana zaune da ɗaya a kowace gwiwa yana shafa su. Ya ce in duba ko ɗan jaridan ya yi maganar ganga ko wasan kwaikwayo. Na duba, akwai babi guda a kan mawaƙan da ake kai wa sojojinmu daga Sydney, amma ba ko kalma a kan na ɗaya ɓangaren.

"Duk su biyun mu suke kallo," ya ce. "Ɗaya daga sama, ɗaya daga cikin taɓo. Ba wanda ya leƙa bayan labulen? Dulcie, su mutanen can ba su rubuta nasu ba ne?"

"Akwai wani abu," ta ce, "amma ba zai yi maka amfani ba."

Ta janyo wani kwali daga ƙarƙashin kanta. Kayan wani tsohon soja ne daga garin da ke gaba da mu, ya rasu bara, 'yarsa ta kawo. Ya koma Vietnam yawo bayan ya yi ritaya, ya sayo tarkace. A ciki akwai wani siririn littafi mai jan bango, takardarsa kamar ta jarida, duk da harshensu aka rubuta, haruffan da ɗige-ɗige da ƙananan huluna a kai. Dulcie ta ce abin da ta iya ganewa kawai sunan lardin ne a bango, kuma lardin da sojojinmu suka zauna ne. Niyyarta ta zuba shi cikin takardun da ake kwashewa.

Na karɓa ina juyawa don kawai in ce na duba. A tsakiya akwai hotuna dishi-dishi: maza da bindigogi, mata ɗauke da kaya a kan sanda, wani taro a ƙarƙashin itatuwa. Sai na tsaya a kan ɗaya.

"Nev," na ce, "akwai dandamali a nan."

"Na me?"

"Na gora, ina ji. Ga wata yarinya a tsaye ta buɗe baki, ga wani a zaune da abin kiɗa, ga sojoji a ƙasa suna kallo. Akwai labule a baya."

Ya fizge littafin, ya kafa gilashinsa, ya juya kai hagu, ya juya dama. Ban san iya abin da ya gani ba. Ya daɗe a kai.

"Me aka rubuta a ƙasa?"

"Ina zan sani?"

"Wannan nake so."

"Haba, Nev! Ga biyu da zan iya karanta maka, ka tsallake su ka ɗauki wanda ko sunansa ba mu sani ba?"

"Kin ce ɗaya, kin ce ni zan zaɓa. Na zaɓa." Ya rungume shi a ƙirji kamar za a ƙwace. "Ki gode mini ma, na hutar da maƙogwaronki."

Dulcie ta ce tunda take sayar da littafi ba ta taɓa ganin makaho ya zaɓi wanda mai ido ma ba zai iya karantawa ba. Ta ce ya tafi da shi kyauta, kuma in ya dawo hayyacinsa koren yana nan.

Daga nan gidan burodi muka nufa. Iyalan Quach ne ke da shi, 'yan asalin Vietnam, sun fi shekara talatin a garin, kuma duk wanda ya ci burodinsu mai cike da nama ba ya komawa na babban kanti. Lien ce a kanta, 'yar mai gidan, wadda yanzu ita ke riƙe da komai. Nev ya ɗora littafin a kan gilashi ya ce, "Lien, taimaka ki gaya mana mene ne wannan."

Ta goge hannu ta ɗauka, tana motsa leɓe a hankali. Sai fara'arta ta ragu.

"A ina kuka samo shi, Kawu Nev?"

"Wurin Dulcie."

"Tarihin wata rundunarsu ne. Na su waɗancan, 'yan gurguzu." Ta waiga ƙofar baya ta rage murya. "Ni karatuna bai kai nan ba, ina jaririya muka taho. Ba, wato babana, shi ne zai iya, amma don Allah kada ya gan shi. Sojan Vietnam ta Kudu ne fa, ɓangarenku. Bayan yaƙin sun tsare shi shekaru a sansani, haƙoransa ma a can ya baro su."

Ba ta rufe baki ba tsohon ya fito da faranti a hannu. Mista Khiem ɗan siriri ne, ya girmi Nev da kaɗan, kullum cikin rigar sanyi mai ruwan toka. Mun yi shekara da shekaru muna gaisawa, ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba. Idonsa ya sauka a kan jan bangon. Ya ajiye farantin, ya ɗaga littafin da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya karanta bangon, ya mayar.

"Ƙarya ce," ya ce. "Daga farko har ƙarshe."

"Ka karanta shi ne?" Nev ya tambaya.

"Ba sai na karanta ba. Sun karanta mini irinsa kullum da safe, ina tsaye a rana."

Nev ya nemi gafara, ya ce bai zo don ya tayar masa da hankali ba. Hoto ɗaya ne kawai yake son ya san abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Ya ba shi labarin gangar da gemun a gajarce. Mista Khiem ya saurara, ya ɗauki farantinsa ya koma ciki. Muka sayi burodi muka fito, ina ta yi wa Nev mita a mota cewa ga abin da taurin kai ya jawo, mun ɓata wa bawan Allah rai a banza.

Ranar Talata da la'asar ina karanta farashin tumaki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Khiem ne, da ledar burodi a hannu ɗaya, gidan tabarau a ɗayan.

"Hoton kawai," ya ce. "Daga shi ba ƙari."

Na ba shi kujera na zuba masa shayi. Ya buɗe wurin, ya karanta rubutun ƙasan hoton a zuci, sannan ya fassara: ƙungiyar 'yan wasa ta lardi tana nishaɗantar da mayaƙa a lokacin sabuwar shekara. Ba sunan wuri, ba sunan kowa.

"'Yan wasa," Nev ya ce. "Wato aikinsu ke nan? Ba sojoji ba ne suka yi don kansu?"

"Suna da su. Mawaƙa, makaɗa. Suna bin daji daga sansani zuwa sansani. Mu ma muna da namu, namu sun fi iya waƙa." Ya ɗan kurɓi shayi. "Gemun nan. Fari ne ko baƙi?"

"Baƙi."

"Dogo mai sulɓi, ko cunkus?"

"Cunkus. Kamar an warware igiya an rina."

"To ba mutumin kirki ba ne. A irin wasanmu na da, mutumin kirki gemunsa dogo ne, yana sauka a hankali. Uwata takan kai ni kallo ina yaro. Da mai cunkus ya fito, yara sun fara ihu." Ya ɗan yi tunani. "Mazurarin fa? Yaya girmansa?"

Nev ya gwada da yatsunsa.

"Da zare a jikinsa?"

"Akwai. Ta nan da ta nan."

"Wane launi?"

"Ja-ja haka, kamar an shafa masa jan ƙasa."

Mista Khiem ya ajiye kofin. Kafaɗunsa suka soma rawa. Da farko na ɗauka tari ne ya sarƙe shi, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, har ya cire tabarau yana share ido.

"Mene ne?" Nev ya ce. "Glen, me yake yi?"

"Dariya yake maka."

"Ba mazurari ba ne, Mista Neville. Hanci ne." Ya ɗora hannu a fuskarsa ya ja shi gaba. "Dogon hanci, ja, da gemu cunkus. Kai ne. Kai suke kwaikwaya."

Nev ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya kai hannu ya taɓa nasa hancin, wanda duk zuriyar Pascoe ba mai kamarsa, kuma rana ta daɗe da mayar da shi ja.

"Ba'amurke dai," ya ce daga baya. "Ba'amurke suke nufi."

"A wurinsu duk ɗaya ne."

"Ina! Mu ba ma barin gemu ma. Kuma mu ba ma tafiya a daji da rediyo a kunne."

"To ka rubuta musu ka yi ƙorafi."

Ranar Mista Khiem bai tsaya a hoton ba. Ya ce bari ya ga ko sun yi maganar 'yan wasan a cikin rubutun, don ya tabbatar mana ƙarya suka yi. Ya yi ta juya shafuka yana tsaki, har ya samo wani ɗan wuri. An ce a wata shekara da rani abokan gaba sun afka wa masaukin ƙungiyar, suka tsira da rayukansu amma kayan wasansu duk suka ƙone, suka yi watanni suna kiɗa da garwar kananzir har aka samo musu wata ganga. Nev ya matso har bakin kujera. Amma shekarar ba ta yi daidai da tasa ba, ta zarce da ɗaya, sunan wurin kuma ba wanda ya taɓa ji, don kowane ɓangare da sunan da yake kiran dazuzzukan nan. Suka yi ta ja-in-ja. Nev ya ce wataƙila marubucin ne ya ruɗe da shekara. Mista Khiem ya ce mutanen da suka ce sun kashe sojojin Ostireliya fiye da adadin da aka taɓa turawa, ruɗewa da shekara ba komai ba ne a wurinsu. Har yau ba mu san ko gangar Nev ce ba.

Talata ta gaba ya sake zuwa, ba wanda ya gayyace shi. Ya ce tunda an fara, gara a bi shi daga farko a ga iyakar ƙaryar. Haka suka cinye sanyin nan. Yakan karanta jimla a zuci, ya yi tsaki, ya faɗe ta da Turanci, ya ƙara da nasa sharhin, har sai Nev ya ce, "Tsaya, wannan littafin ne ya faɗa ko kai?" Wani lokaci kuma tsakin yakan ɗauke. Da suka zo inda ake maganar zazzaɓi da yunwa, da yadda suka yi wata guda suna cin rogo da gishiri, Mista Khiem ya karanta shi tiryan-tiryan bai sa baki ba. Da ya gama ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ɗan kawuna yana cikinsu." Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na lura akwai kalmar da yake tsallakewa. Yakan zo wurin ya ɗan tsaya, ya ce "sojojin Kudu", ya wuce. Na tambayi Lien, ta ce ba haka aka rubuta ba, sunan da ake kiransu da shi a littafin yana nufin 'yar tsana da ake ja da zare.

Da aka kusa gama jan littafin, sai ya ce da ni, "Malama Glenys, an ce akwai wani kore. Ina so in ji abin da ku kuka rubuta a kanmu."

Na je na karɓo wurin Dulcie, tana ta cika baki cewa ta san za a dawo. A wannan karon ni ce mai karatu, duk da sharaɗin da na kafa. Muka bi duk inda aka ambaci sojojin Kudu. Ba su da yawa, kuma ba daɗin ji. A wani wuri an ce ba a dogara da su, a wani an ce sun makara, a wani kuma an ce ana zargin labari yana fita ta wurinsu. Ina karantawa muryata tana ƙanƙancewa. Mista Khiem yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ku shekara ɗaya-ɗaya kuke yi ku koma gida," ya ce a hankali. "Ni shekara bakwai na yi. Ba jirgin da ke jirana."

Nev ya sunkuyar da kai. "Haka muke faɗa a lokacin," ya ce. "Ni ma na faɗa. Ban san ko mutum ɗaya daga cikinku ba, ko sunansa."

Mista Khiem ya tashi, ya gode mini da shayi, ya tafi. Talatar da ta biyo bai zo ba. Nev ya sa na jera kofi uku, ya yi ta kasa kunne ga ƙofa, daga baya ya ce in kwashe. Ya hana ni zuwa gidan burodin in yi magana, ya ce mutum yana da ikon ya yi fushi.

Ni dai ban iya zama ba. Na koma wurin Dulcie na tambaye ta ko su sojojin Kudu ba wanda ya rubuta nasu. Ta ce ba ta sani ba, amma yanzu ita ma abin ya shiga ranta. Ta yi ta buga waya, har ta samu wani mai shago a Footscray, unguwar da 'yan Vietnam suke da yawa, da ya ce yana da na wani tsohon kyaftin da ya buga da kansa, da harshensu. Aka aiko shi a cikin ambulan. Na kai gidan burodi na ba Lien, na ce ta ba Ba ɗinta, ba saƙon komai.

Ranar Talata sai ga shi, da ledar burodi da littafin, ya cusa guntayen takarda a wurare da yawa. Bai yi maganar abin da ya faru ba. Ya zauna, ya sa tabarau, ya ce da Nev, "Na gama shi a kwana biyu."

"Yaya? Wannan ya faɗi gaskiya?"

"Wannan?" Ya buga bangon da bayan yatsa. "Na san rundunarsa. Ya ce shi kaɗai ya riƙe gada da bindiga ɗaya. Gadar nan ko akuya ba ta isa ta bi ta kai ba. Shi ma maƙaryaci ne, sai dai namu ne."

"To karanta mana."

"Da sauran shayin?"

Na tashi na ɗora buta. Kafin ruwan ya tafasa har sun fara musu a kan faɗin gadar, Nev yana cewa sai an buɗe taswira, Mista Khiem yana cewa wanda ya zana taswirar bai taɓa taka wurin ba.